Wuta Tukuna, Sannan Kwamfuta: Nasiha ga Masu Koyon Rubuta Manhaja

Ƙannena maza da mata da kuka kama hanyar koyon rubuta manhaja, tambayar da ta fi yawa a bakinku ita ce wace kwamfuta za ku saya, kuma galibi kafin a ba ku amsa kun riga kun yanke hukunci a zuci. Kun kalli bidiyon wani matashi a Amurka ko Jamus, ga tebur mai ɗagawa da kansa, ga manyan allo biyu ko uku, ga kibod mai walƙiya, sai ranku ya ba ku cewa sana'ar ke nan, wanda bai mallaki waɗannan ba bai fara ba. Wancan matashin bai yi muku ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne ya tsara teburinsa ne a garin da ake shekara ba a ɗauke wuta ba, ɗakinsa a sanyaye, intanet ɗinsa ba a lissafa masa shi da gigabayit. Ku kuwa a Kano kuke, ko Gusau, ko Maraɗi. Kayan aikinku dole su dace da inda kuke zaune, kuma jerin abin da za ku sa a gaba ya sha bamban da nasa.

Na farko a jerin ita ce wuta. Kwamfutar da ta fi kowace tsada a duniya, idan batirinta ya ƙare da ƙarfe sha ɗaya na safe kuma NEPA ba su dawo ba sai bayan isha'i, ba ta da maraba da faranti. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama tsakanin kwamfutar tebur da laftof. Ta tebur tare da allonta tana iya jan wat 150 zuwa sama, kuma da zarar wuta ta ƙifta ta mutu, sai in an haɗa mata UPS. Laftof ta aiki kuwa cajarta wat 45 ce ko 65, batirinta a cikinta yake. Saboda haka idan kuɗinku na abu ɗaya ne, laftof za ku saya, ba sai an ja zance ba.

Ku koyi lissafin wuta kamar yadda kuke koyon lissafin data. Fawa bankin da aka rubuta masa 20,000 mAh, idan na gaske ne, yana ɗauke da kimanin wat-awa 74, wani kaso kuma yana salwanta wajen juyawa. Sabon batirin laftof irin ta ofis yakan kama daga wat-awa 45 zuwa 57. Ke nan fawa bankin zai ba ku abin da ya yi kusa da caji ɗaya cikakke, amma da sharaɗi biyu: laftof ɗin tana karɓar caji ta ramin USB-C, shi kuma fawa bankin yana fitar da aƙalla wat 45 ta tsarin da ake kira PD. Mafi yawan waɗanda ake tallarsu a bakin titi na waya ne kawai, ba za su motsa laftof ba, lambar da ke jikinsu ma sau da yawa ƙawa ce. Wanda Allah Ya hore wa, ƙaramar sola da batir da inbata sun fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan ƙarin kuɗin da zai zuba don ya riƙe MacBook. Ku kuma kiyayi lokacin da aka dawo da wuta, domin a wannan ƙiftawar ce caja kan ƙone. Soket mai kariya daga hauhawar wuta kuɗinsa bai kai na caja ta asali ba.

Sai ita kwamfutar. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: ga mai koyo, tsohuwar laftof ta ofis, wato tokumbo mai lafiya, ta fi sabuwa mai araha da aka yi don kallon fim. Ina nufin irin su ThinkPad, wadda IBM ta fara fitarwa a 1992 kafin Lenovo ta sayi sashen a 2005, da Latitude ta Dell, da EliteBook ta HP. Kamfanonin Turai da Amurka kan saye su da yawa, su yi 'yan shekaru da su, su sauya, sai su gangaro mana. An ƙera su ne don a riƙa buɗewa ana gyarawa, kuma saboda yawansu, kayan gyaransu ba sa wuya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Idan kibod ɗin ThinkPad T480 ya lalace, za ku iya samun wani a ranar. Idan na wata kwamfuta ce mai sheƙi da ba kowa ya san ta ba, sai ku yi wata guda kuna jiran saƙo daga Chana.

Abu biyu za ku tsaya a kansu kai da fata. Na ɗaya RAM, wato wurin da kwamfuta ke baza abin da take aiki a kansa a lokacin. Gigabayit 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 shi ne kwanciyar hankali, musamman ga mai son yin manhajar waya, domin Android Studio ba ya wasa da RAM. Ku tambaya ko ana iya ƙarawa daga baya, saboda a wasu sirara an liƙe shi a jikin allon injin, yadda kuka saya haka za ku rabu da ita. Na biyu ma'ajiya. Ku nemi SSD, ku guji tsohon HDD mai faifan da ke juyawa sau 5,400 a minti. SSD ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, don haka ya fi sauri sosai, ya kuma fi jure jijjigar Keke Napep. Tsohuwar kwamfutar da aka sa wa SSD takan farfaɗo har mai ita ya yi mamaki. SSD mai gigabayit 256 ya fi muku HDD mai 1,000.

Game da furosesa, kada lambar i7 ta ruɗe ku. Mai shago zai ce muku "Core i7 ce fa, yallaɓai," ba zai ce ta wace shekara ba. Core i5 ta ƙarni na takwas ta fi i7 ta ƙarni na huɗu a yawancin aikin laftof. Akwai ma wani dalilin: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance tana neman Intel na ƙarni na takwas zuwa sama. Wanda tasa ta girmi haka kada ya karaya, Linux na nan, zan zo kansa.

Ranar sayen, ku tafi da wanda ya san kan abin, kuma kada kunya ta hana ku bincike. Ku danna kowane maɓalli. Ku gwada kowane rami. Ku buɗe farin shafi ku duba ko allon yana da tabo. A Windows ku rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna muku ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa, wanda ya fi rantsuwar mai shago. Ku shiga BIOS ku tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin kwamfutar da aka kulle tana iya zama ta sata ko ta wani kamfani da bai sake ta ba. Sannan ku karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, ku ɗauki hotonsa a waya. A Najeriya matashi da laftof a jaka yakan sha tambaya a shingen bincike, har ta kai masu sana'ar suka yi gangamin kokawa a kan haka a 2019. Rasit da katin makaranta ko na wurin aiki suna rage dogon bayani.

MacBook fa? Kwamfuta ce mai kyau, kuma tun da Apple ta fito da M1 a 2020 batirinta yake daɗewa ƙwarai. Mai son yin manhajar iPhone ba shi da makawa, tunda Xcode a kan Mac kaɗai yake aiki. Amma gyaranta tsada, RAM ɗinta ba ya ƙaruwa. Ku bari sana'ar ta saya muku ita da kanta, kada ku sa mahaifiyarku ta sayar da abin wuyanta.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar da masu bidiyon can ba su sani ba. A watan Afrilu zafin garuruwanmu yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa ta toshe fankar ciki. Idan kwamfuta ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ku zaci tsufa ne. Kada ku ɗora ta a kan katifa ko filo, ramukan iskarta a ƙasa suke. Ku kai ta a buɗe a busa mata iska aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan wucewar hunturu. Batir kuwa ba abin da ke cin ransa kamar zafi, don haka kada a bar ta a cikin mota da rana.

Yanzu manhajojin aiki. Abin farin ciki a sana'ar nan shi ne kayan da manyan ƙwararru ke amfani da su kyauta ne. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya fara Linux a 1991, a kan kwamfutar da wayar da ke aljihunku ta ninka ta ƙarfi sau ba adadi, yau kuma mafi yawan sabobin intanet a kansa suke tafiya, haka ma Android. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991 ɗin, kyauta ne. VS Code, da Microsoft ta fitar a 2015, kyauta ne. Ubuntu da Linux Mint suna tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, wanda kuma ba ya son rabuwa da Windows zai iya kunna WSL ya sami Linux a cikinta. Saboda haka ba ku da uzurin cika kwamfutarku da manhajojin sata da ake turawa a filash. Banda haƙƙin mutane da ke ciki, ta nan ne ɓarayin kalmar sirri suka fi shigowa, kuma kwamfutar mai rubuta manhaja tana ɗauke da makullan abokan cinikinsa, ba nasa kaɗai ba.

Cutar da na fi gani a wurin masu koyo ita ce yawon kayan aiki. Wannan makon VS Code, mako mai zuwa an ji wani ya yabi Neovim an koma can, a kwana uku ana sauya launi da salon haruffa, ba a rubuta layi goma na aikin gaske ba. Telan da ya shekara ashirin a kan tsohon kekensa na Butterfly ya san kukansa, ya san inda zare ke sarƙewa, kuma zai gama riga kafin mai sabon keke ya gama karanta takardar bayani. Ku zaɓi edita ɗaya ku zauna a kansa shekara. Ku haddace gajerun hanyoyinsa na kibod har hannunku ya daina neman linzami. Ku koyi amfani da dibaga, ku tsayar da shiri a tsakiyar tafiyarsa ku leƙa abin da ke cikin kowane ma'aji, maimakon watsa print ko'ina kuna canke. Ku saba da baƙin allon nan na rubuta umarni, domin ranar da za a ba ku saba ku ɗora aiki, ba za ku tarar da maɓallin dannawa ba. Ko Vim ma, wanda marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ku san yadda ake buɗe fayil da shi, a gyara, a fita, saboda shi ko kakansa vi za ku tarar a kusan kowace saba.

Idan da za a ce in zaɓi manhaja ɗaya tak in tilasta muku ita tun makon farko, Git zan zaɓa. Torvalds ne dai ya rubuta shi a 2005. Aikinsa shi ne riƙe tarihin kowane sauyi da kuka yi, ta yadda idan kuka ɓata abu yau za ku iya komawa yadda yake jiya. Abin da ya sa ya dace da mu musamman shi ne ba ya bukatar intanet don ya yi wannan aikin, tarihin duka yana cikin kwamfutarku, sai lokacin da sabis ya samu ku tura kwafi zuwa GitHub ko GitLab. Mai ajiye manyan fayil da suna irin "aiki na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaske" yana wahalar da kansa ne a banza.

Kada kuma ku ɗauka asarar aiki ta ƙananan mutane ce. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai kamata ba, mafi yawan fayilolin fim ɗin suka tafi. Aka juya ga ajiyar ko-ta-kwana, aka tarar ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. A ƙarshen Janairun 2017 ma wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanai a sabar da ba ita ya nufa ba, hanyoyin ajiyarsu suka ƙi aiki ɗaya bayan ɗaya, suka yi asarar bayanan kimanin awa shida. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku riƙe aikinku a wuri uku: a kwamfuta, a intanet, da wata ma'ajiya ta waje da ba ta kwana a jaka ɗaya da laftof ɗin. Lokaci-lokaci kuma ku gwada dawo da fayil daga ajiyar, ku ga ko da gaske tana nan. Abu ɗaya ne ba a turawa GitHub: kalmomin sirri da makullan shiga sabis. Akwai shirye-shiryen da ba su da aiki sai laluben irin waɗannan dare da rana. Su a manhajar adana kalmar sirri irin Bitwarden ko KeePass ake sa su, a kuma kunna tabbaci mai mataki biyu a imel da GitHub.

Intanet ma kada ku dogara da layi ɗaya. Ku riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban, ko a waya ko a ƙaramar MiFi. Mutanen Zamfara sun ga yadda aka rufe sabis baki ɗaya a Satumbar 2021, a ranar 14 ga Maris, 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama. Starlink ya shigo Najeriya a farkon 2023, amma kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne, sai dai a haɗa kai a cibiya. Dabarar mai koyo ita ce ya sauke littattafan bayanin yaren da yake koyo ya ajiye. Python yana ba da nasa a sauke, Zeal da DevDocs kuma suna tattara na yaruka da yawa don karantawa ba tare da data ba. Ku gaya wa Windows cewa layinku na awo ne, in ba haka ba za ku wayi gari ta shanye datar wata guda wajen sabunta kanta.

Akwai wani kayan aiki da ba za ku gani a teburin 'yan bidiyo ba, amma ku ya zame muku wajibi: tsohuwar wayar Android mai araha, itel ko Tecno mai RAM gigabayit 2. Mutanen da za su yi amfani da abin da kuka gina irinta ce a hannunsu, a kan sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Manhajar da ta yi gudu a laftof ɗinku amma ta tsaya cak a wannan wayar ba ta gamu ba. Haka nan ku sa kibod mai haruffanmu masu lanƙwasa, Gboard yana da shi a waya, Keyman yana da shi a kwamfuta, ku kuma ajiye komai a tsarin UTF-8. Ku gwada fom ɗinku da sunaye irin Ɗanladi da Sa'adatu da Mu'azu. Ɗan waƙafin saman nan da ke tsakiyar Sa'adatu ya isa ya rusa umarnin SQL da aka haɗa da ganganci, kuma ƙofar da ya buɗe ita ce dai wadda masu kutse ke bi su kwashe rumbun bayanai. Sunayenmu da kansu gwajin tsaro ne na kyauta.

Mataimakan nan masu ƙirƙirarriyar basira, irin Copilot da ya fito a 2021 da ChatGPT na ƙarshen 2022, sun shiga cikin kayan aikin yau da kullum, ba kuma zan ce ku guje su ba. Suna da amfani wajen bayyana saƙon kuskure da rubuta abin da ake maimaitawa. Sai dai suna faɗin daidai da kuskure da murya iri ɗaya, ba ko ɗar. Ƙa'idar da nake ba ku ita ce kada ku saka layin da ba za ku iya yi wa wani bayaninsa ba. A shekararku ta farko ku fara gwadawa da kanku tukuna, in kun cije sannan ku tambaya. Ranar da data ta ƙare, ko aka zaunar da ku gwajin ɗaukar aiki, abin da ke kanku ne kaɗai zai tashi ya yi magana. Kada kuma ku liƙa musu bayanan sirrin wanda ya ba ku aiki.

Wanda bai da laftof ko kaɗan kada ya ce sai ya samu zai fara. Ana sa Termux a wayar Android a rubuta Python a ciki, a yi amfani da Git, idan aka haɗa da ƙaramin kibod na Bluetooth abin ya fi sauƙi. Da wahala, amma da babu gara ba daɗi. Littafi da biro ma kayan aiki ne na gaske. Ku zana tsarin shirin a takarda kafin ku kunna kwamfuta, batir ya huta, tunani ya nuna.

Saura jikinku, wanda ba a sayar da kayan gyaransa a Farm Centre. Zama a kan katifa an duƙufa a kan laftof awa shida yana karya wuya da baya a hankali, ba za ku ji ba sai kun doshi talatin da biyar. Ku sami tebur da kujera ko da na katako ne. Ku ɗaga laftof ɗin a kan littattafai har saman allon ya yi daidai da idonku, ku haɗa mata kibod da linzami na waje masu araha. Bayan kowane minti ashirin ku ɗauke ido ku kalli abu mai nisa na ɗan lokaci, kuma kada ku yi aiki a ɗaki mai duhu allo na haska muku fuska. Idan an kira salla ku tashi, kada ku ce bari in gama wannan. Sau da yawa matsalar da ta ƙi warwaruwa a gaban allo a hanyar dawowa daga masallaci take sakin kanta. Raba dare kullum kuwa ba ƙwazo ba ne, kod ɗin da aka rubuta da ƙarfe uku na dare galibi shi ake wuni ana gyarawa washegari.

Don haka kafin ku tafi kasuwa, ku zauna ku raba kuɗin da ke hannunku. Ku ware na wuta, ku ware na data ta wata uku, ku ware na ma'ajiyar waje, abin da ya rage shi ne kuɗin laftof. Wanda kuma yake da kwamfuta a yanzu, ina roƙonsa kada ya kwanta yau sai ya sa Git ya tura aikinsa wani wuri.